RUWAN DA AKE YI WA MUTUM ALLURARSA KAFIN HOTON ASIBITI

'Yan uwa masu gida da iyaye mata, tambaya ta yi yawa a kan ruwan nan da ake ɗura wa mutum a jijiya kafin hoton CT ko MRI, har wasu na gudun hoton wai guba ce. Ba guba ba ce. Kamar rini yake, yana haska jijiyoyi da ƙari, likita ya ga abin da hoto zalla ba zai nuna ba. Na CT akwai sinadarin aidin a ciki, na MRI gadoliniyam, wanda ake sha don hoton hanji kuwa bariyam.

Da ya shiga za ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, wani ma ya ji kamar fitsari ya kufce masa. Bai kufce ba, alwalarka na nan. Minti ɗaya ko biyu ya wuce. Wasu kan yi tashin zuciya ko borin jini. Amma in fuska ko harshe ya kumbura, ko numfashi ya fara sarƙewa, ka faɗa nan take. Wannan ba kasafai yake faruwa ba, kuma galibi a mintunan farko ne, shi ya sa ake cewa ka ɗan zauna bayan hoton. To ka zauna ɗin.

Inda nake so ka buɗe kunne shi ne ƙoda, don ita ke fitar da ruwan ta fitsari. Lafiyayyiya takan fitar da mafi yawansa cikin awa 24. Mai rauni kuwa yana iya ƙara mata wahala, kuma tun 2006 aka gano gadoliniyam na iya jawo wata cutar taurin fata ga wanda ƙodarsa ta lalace sosai. Saboda haka in an ce a gwada jinin ƙoda tukuna, ba cin kuɗi ba ne. Mai ciwon suga da ke shan metformin ya faɗa, ana iya dakatar masa da shi awa 48. Mai asma, mai maƙoƙo, mai ciki, da wanda ruwan ya taɓa tayar masa, duk su faɗa. Diclofenac da ibuprofen ɗin nan na kemis ma suna matsa wa ƙoda.

Kuma don Allah kar ka ɓoye jiƙo da tsimin da kake sha. Ni mai ba da magani nake gaya maka. Kar ka sha filasko wai don wanke ciki, gudawa za ta ƙarar maka da ruwan jiki a lokacin da ƙoda ta fi buƙatarsa. Ruwa tsabtatacce ya isa, ka sha sosai, sai in likita ya ƙayyade maka. Wanda ya sha bariyam zai ga bayan gidansa ya yi fari kwana ɗaya ko biyu, kar ya tsorata.

Batun azumi, malaman zamani da yawa na ganin allurar jijiya da ba ta abinci ba ba ta karya shi, amma bariyam da aka sha ya karya. Ni dai shawarata, kar a haɗa ranar hoton da azumin nafila. In Ramadan ne, mara lafiya yana da rangwame, ya rama daga baya. Mai shayarwa ta ci gaba da ba ɗanta nono, abin da ke shiga cikinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa mai buƙata.