Injin Turbo Da Inji Mai Shaƙar Iska Da Kansa: Wanne Ya Fi A Motocin Gudu?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da direban babbar mota a hanyar Ikko zuwa Badun, ya san wani fito da inji yake yi in an taka totur a hawa. Wannan fito na turbo ne. A manyan motoci masu shan gas ba wanda yake gardama a kan amfaninsa. Amma a motocin gudu na ƙasaita, irin su Porsche da Ferrari, kimanin shekara 50 ke nan ana ja-in-ja tsakanin masu son turbo da masu son inji mai shaƙar iska da kansa. Kada mai karatu ya ce ina ruwansa da motar attajiran Turai. Abin da aka fara gwadawa a motocin nan shi ne yau yake iso mu cikin motocin tokunbo, dillali yana rantsuwa cewa injin ƙarami ne, ba ya shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a 2023 kuwa, wannan magana tana shiga kunne.

Inji ba mai kaɗai yake ci ba. Kafin kilo 1 na fetur ya ƙone sarai, sai ya sami iska wajen kilo 14.7. Watau ƙarfin inji ya danganta ga yawan iskar da ta shiga cikinsa. Injin da ba shi da turbo, fistin ne yake sauka ya zuƙo iska kamar huhun mutum, kuma ba zai zuƙi abin da ya wuce cikin silinda ba. In ana son ƙarin ƙarfi, sai dai a ƙara masa girma ko a sa shi ya riƙa juyi da sauri.

Shi kuwa turbo, zugazugi ne aka ɗaura wa inji. Kusan sulusin zafin man da aka ƙona, ta salansa yake fita a banza. To, sai aka tare hayaƙin da wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da suke kan sanda ɗaya, wadda take ɗura iska cikin inji da ƙarfin tsiya. Fankokin nan suna wuce juyi 100,000 a minti. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi rajistar dabarar a 1905, amma jiragen ruwa da na sama da na ƙasa ne suka fara cin moriyarta. Sai a 1962 kamfanin General Motors na Amurka ya sa ta a ƙananan motoci, BMW ya biyo baya a 1973.

Motar da ta fito da sunan turbo, ta kuma fito da aibinsa, ita ce Porsche 911 Turbo ta 1975. Injinta lita 3, ƙarfin doki 260. Matsalarta ita ce zugazugin ba ya aiki sai hayaƙi ya yi yawa, hayaƙi kuma ba ya yawa sai inji ya ɗauki gudu. Direba zai taka totur ya ji shiru kamar an aiki bawa garinsu, sai ya ƙara dannawa. Can sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya, sau da yawa a tsakiyar kwana. Ga shi injin motar a baya yake, nauyi duk yana can. Sai gindin mota ya kwashe, ta juyo tana kallon inda ta fito. Har laƙabi Turawa suka yi mata wanda ma'anarsa ita ce mai sa mata takaba. Wannan jinkiri tsakanin taka totur da zuwan ƙarfi shi ne abin da injiniyoyi suke ta yaƙi da shi tun daga lokacin, ta hanyar sa ƙananan turbo biyu maimakon babba ɗaya, da barin kwamfuta ta riƙa sarrafa iska. A 2024 Porsche har motar lantarki ta sa a jikin turbo na wata 911 don ta juya shi kafin hayaƙi ya iso.

A fagen tseren Formula One ma an yi wannan kokawa. Renault ta shigo da injin turbo mai lita 1.5 a 1977, ta kara da masu lita 3. Da fari dariya aka yi ta yi mata, don motar ba ta cika gama tsere ba tare da ta yi hayaƙi ta tsaya ba. A 1979 Jean-Pierre Jabouille ya ci tseren Faransa da ita, dariya ta ƙare. Kafin 1986 ƙaramin injin BMW mai silinda huɗu yana ba da fiye da doki 1,000 a zagayen neman gurbi. Masu shirya tsere suka taƙaita mai zuwa lita 150 a 1988, suka rage matsin iska, duk da haka McLaren mai injin Honda ta ci tsere 15 cikin 16. Da abin ya gagara, sai aka haramta turbo daga 1989, bai dawo ba sai 2014.

Ta wajen ƙarfi dai magana ta ƙare, kuma Ferrari ta isa shaida. Motarta 458 ta 2009 ba ta da turbo: lita 4.5, doki 570. Wadda ta gaje ta a 2015, watau 488, injinta ya ragu zuwa lita 3.9 da turbo biyu, amma doki 670. Ƙarfin murɗa taya ya tashi daga 540 zuwa 760 bisa ma'aunin Nm. Ta farkon sai inji ya kai juyi 6,000 take ba da iyakar ƙarfin murɗawarta, ta biyun tun daga 3,000.

Sai maganar mai, kuma a nan ne dillalai suke faɗin rabin gaskiya. In ana tafiya a hankali, ƙaramin inji mai turbo ya fi tsimi, ba shakka. Silindarsa kaɗan ce ko ƙanana, gogayyar ƙarafa ta ragu, kuma ba ya wahalar zuƙar iska ta maƙogwaron da totur ya kusa rufewa kamar yadda babban inji yake yi a ƙaramin gudu. A wannan hali turbo kusan barci yake yi. Amma da zarar an nemi doki 670 ɗin nan, sai an ƙona man doki 670. Ƙarin iska ba ya ba da ƙarfi sai da ƙarin fetur. Bugu da ƙari, iskar da aka matsa zafi take yi, fetur kuma in ya ji zafi da matsi yakan kama da wuta kafin filogi ya kunna shi, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. Don gudun haka ne ake rage matsin fistin a injin turbo: 458 tana matsa iska sau 12.5, amma 488 sau 9.4 kawai, tsohuwar Porsche ta 1975 kuwa 6.5. Rage matsi kuwa rage amfanin da ake samu ne daga kowane ɗigon mai. Har wa yau, in aka danne totur ƙasa, injunan turbo da yawa sukan fesa fetur fiye da wanda zai ƙone, don kawai ya sanyaya ciki.

To, me ya sa kamfanoni suka koma turbo? A ganina doka da haraji ne suka yanke hukunci, ba direbobi ba. Tun a 1982 Ferrari ta ƙera 208 Turbo saboda Italiya tana ɗora haraji mai nauyi a kan injin da ya wuce lita 2. Daga baya Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan hayaƙin da motocin kowane kamfani za su fitar, gwajin da ake yi a da kuwa tuƙin lallaɓa ne a cikin ɗaki, inda turbo ba ya ko farkawa. A kan wannan gwaji ne Porsche ta ce 911 Carrera ta 2015, da aka rage ta daga lita 3.4 zuwa 3 da turbo, ta rage shan mai da wajen lita ɗaya a kilomita 100. Wanda ya sayi 911 don ya yi tuƙin lallaɓa, shi zai ga wannan lita.

Masu saye ba su yi shiru ba. A 2016 Porsche ta cire injin silinda shida daga Boxster da Cayman ta sa mai huɗu da turbo. Motar ta fi gudu, amma aka yi ta ƙorafi a kan muryarta, don fankar turbo tana tare ƙarar hayaƙi kamar an toshe bakin kakaki da tsumma. A 2019 sai kamfanin ya dawo da injin lita 4 mai silinda shida ba turbo a wasu samfuran. Abin da masu son irin wannan inji suke biya shi ne biyayya: gwargwadon yadda ƙafa ta taka, gwargwadon yadda mota ta amsa, nan take, ƙarfi yana hawa daki-daki har juyi 9,000 kamar a 911 GT3.

Akwai wurin da turbo ya yi zarra wanda ya shafe mu kai tsaye. Iska tana raguwa in an hau tudu. Jos tana bisa teku da kimanin mita 1,200, don haka injin da yake shaƙa da kansa in ya baro Ikko ya isa can, ya yi asarar fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa. Mai turbo sai fankarsa ta ƙara juyi ta cike yawancin giɓin.

Amma zafin ƙasarmu ba abokinsa ba ne. Hayaƙin da yake juya fankar yakan kai digiri 900, sandarta kuwa a kan siririn bakin mai take yawo. Bakin mai na jabu, ko wanda ya wuce lokacin juyewa, shi yake fara kashe ta. Fetur mara kyau kuma yakan sa kwamfutar mota ta rage ƙarfi don kada inji ya ƙwanƙwasa, sai mai mota ya rasa dokin da ya biya kuɗinsa. Wanda zai sayi irin motar nan ya sa makaniki ya cire bututun iska ya taɓa sandar fankar ya ji ko tana girgiza, ya kuma tsaya a baya ya duba ko salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi in an taka totur. Bayan doguwar tafiya da gudu, a bar inji ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki a tsaye kafin a kashe shi, don bakin mai ya zagaya ya kwashe zafin.