Waya a Bakin Tabarma: Ciyayya da Hirar Dare a Gaya da Ajingi

Da an idar da sallar Magariba a ƙauyukan Gaya da Ajingi, sai ka ga yara suna fitowa daga zauruka ɗauke da kwanuka. Wannan tuwon dawa da miyar kuka, wancan tuwon masara da busasshiyar kuɓewa, wani kuma dambu ne da zogale. A ƙofar gidan babban unguwa ake dire su, inda magidanta suka riga suka shimfiɗa tabarma. Ciyayya ke nan. A buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Wanda ba a ɗora tukunya a gidansa ba a ranar zai zauna ya ci ya ƙoshi, kuma ba wanda zai nuna ya lura. Baƙon da dare ya yi masa yana da rabo, almajiri ma haka.

A da fitilar ƙwai ce ke haska wurin. Yanzu wani ne zai kunna tocilar wayarsa ya jingine ta da buta.

Bayan an wanke hannu hira take kankama. Damina da tsadar taki ba sa fita daga baki, haka ma yadda shanu suka yi a kasuwar Wudil ranar Juma'a. Zancen sarauta ya ci dare da yawa tun 2019 da aka ɗaga Gaya ta zama masarauta mai sarkin yanka, zuwa 2024 da aka rushe, aka kuma dawo da ita a daraja ta biyu tare da Ajingi da Albasu a ƙarƙashinta. Amma akwai zancen da kakanninmu ba su san shi ba, wanda yanzu kusan kullum sai an taɓa: wace waya ce mai riƙe caji, wane layi ne yake ja a bayan gari, me ya sa data take ƙarewa kamar ana zuƙe ta.

A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya, lokacin da layi kaɗai yakan kai N20,000, sai mai hali. Ta ɗauki shekaru kafin ta zauna a ƙauye. Masu shekaru arba'in ba su manta da hawa tudu ko bishiya neman sabis ba, da layin da ake yi a gindin lemar mai kiran kuɗi. Kafin nan kuwa, wanda ɗansa ya tafi cirani Legas sai dai ya ba direba sallahu, ko ya kasa kunne a shirin Zaɓi Sonka ko zai ji an ambaci sunansa.

Ma'aunin waya a majalisar ƙauye daban yake da na birni. Ba a fara tambayar kyamara. Kwana nawa take yi ba caji? Tocilarta tana da haske? Tana kama rediyo? Layi nawa take ci? In an kira, mutum zai ji yana kan babur? Da waɗannan tambayoyi Tecno da itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka ture Nokia daga aljihun manoma. Ƙaramar nan mai madannai, wadda samari suka laƙaba wa suna rakani-kashi, har gobe ita ce ta dattawa, kuma da yawa daga masu babbar waya suna ajiye ta a ɗaya aljihun saboda ranar da babbar za ta mutu. Wanda ya sayo sabuwa daga Farm Centre ko titin Beirut a Kano, ba ta zama tasa sosai sai ta zaga hannu a majalisa. A juya ta, a auna nauyinta a tafin hannu, a tambayi kuɗinta, wani ya ce an yi masa tsada, sannan a yi masa addu'ar Allah ya sa a kashe lafiya, kamar dai yadda ake yi wa sabuwar riga.

Shagon mai caji ya zama wata majalisar mai zaman kanta. Allon katako ne jere da soket fiye da hamsin, kowace waya an manna mata lamba, an ba mai ita irin lambar. Janareta ne ke riƙe da shagunan, har zuwa Mayun 2023 da aka cire tallafin fetur. Daga nan faifan sola ya fara yawa a kan rufin kwano. Kusa da mai caji za ka tarar da mai turi da kwamfutarsa. A miƙa masa memori a faɗi abin da ake so: tafsirin marigayi Malam Ja'afar, waƙoƙin Shata, fim ɗin Indiya fassarar Algaita, ko ci gaban Labarina da Izzar So. Abin da mutum ɗaya ya biya aka tura masa, kafin Isha ya shiga wayoyi goma ta Xender, ba ko kwabo. Ni a ganina turi ɗan'uwan ciyayya ne, don hana shi rowa ce, kuma ana yi wa mutum gori a kai. A gefe kuma ga yaro da ƙaramin ƙarfen narka dalma yana gyaran wurin caji. Duk sanda na ga irin yaran nan nakan tuna cewa a tarihin Kano, Abagayawa, maƙeran da suka fara zama a gindin Dala, daga Gaya aka ce suka taso neman tama.

Waya ta tarar da ladubba a ƙasa, ta bi su. Ƙarami ne ke yi wa babba fulashin, babba ya kira. Mai hali ya yi wa talaka fulashin abin kunya ne. Tsoron ƙarewar kati ya so ya gajarta gaisuwa, har ta kai ana cewa "lafiya lau, ka ji" a kashe. Sai saƙon murya na WhatsApp ya zo ya dawo da ita cikakkiya: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya mai jiki, minti biyu ba a kai ga abin da ya sa aka yi saƙon ba. Ba ya kuma buƙatar boko, shi ya sa tsofaffi suka karɓe shi hannu biyu.

Karatun saƙon banki ne dai har yanzu sai an nemi yaro.

"Kai, zo ka duba min, kuɗin nan sun shigo?"

"Baba, alat bai shigo ba tukuna."

"To ka ce masa buhun yana nan, sai ya shigo."

Irin wannan ya yawaita ne tun farkon 2023, da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi ɓatan dabo. Mai shayi da dillalin awaki duk suka koyi turansifa dole, masu POS suka cika bakin kasuwanni irin ta Kademi. A majalisa kuma ake jan kunnen juna kan masu kira su ce daga banki suke, a karanto musu lambobin kati. Illar dogaro da yaro wajen karatun saƙon ita ce, sirrin aljihun dattijo yanzu yana hannun jikansa.

A cikin gida hirar ta girki ce. Yarinya a da a gindin murhu take koyo, wajen uwa ko goggo, da ido ake auna kanwa da gishiri. Wannan bai gushe ba, sai dai an samu ƙarin malamai. Shirin Akushi da Rufi na tashar Arewa24 da bidiyoyin matan birni suna yawo daga waya zuwa waya, amarya kuma takan aika wa yayarta da ke aure a Kano saƙo: "Yaya, gwangwani nawa na fulawa kike sawa?" Matsalar ita ce masu bidiyon suna girki ne da gas da firji da na'urar gashi. Matar ƙauye irin Toranke ko Balare ba ta da su, amma ba ta fasa ba. Ta kai markaɗe inji ko ta jajjaga a turmi, ta zuba yashi a gindin tukunya ta gasa kek a kan garwashi. Haka cincin da kek suka samu wuri a gara kusa da alkaki da nakiya da dubulan. Awara da taliyar murji da manja da yaji kuwa sun daɗe da zama 'yan gida, har yara ba su san baƙi ba ne. Gardamar da ba ta mutuwa ita ce ta daddawa da ɗanɗanon kanti. Tsofaffi sun ce miyar kukar da ba daddawa ruwan kore ce kawai, kuma ina bayansu.

Duk abin da aka koyo, a tabarmar ciyayya ake yanke masa hukunci, ba tare da an ce uffan ba. Namiji ba ya yabon girkin matarsa a gaban mutane, alkunya ta hana. Kwanon ne ke magana. Akushi ya ba langa wuri, langa ta ba samira, yanzu kula ce ke fitowa, amma matar gida tana duba abu ɗaya in yaro ya dawo da ita: an sharce ko an rage.

Abin da ke ci wa dattawa tuwo a ƙwarya shi ne samarin da ke zama a gefen tabarma da abin ji a kunne, ana magana suna murmushi da wani wanda ba ya wurin. A wasu majalisun har sai babba ya tsawata an ajiye waya kafin a sa hannu a kwano. Ba su cika daɗewa ba ma. Da an sha ruwa suke zamewa ɗaya bayan ɗaya, don wajen ƙarfe goma mai caji yake rufe shago, wanda bai karɓi tasa ba kuwa sai da safe.