Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Maƙwabtanta

Mu mutanen Sabon Birni da Isa, in aka ce jami'ar Sakkwato, abin da ya fara faɗo mana a rai shi ne asibiti, domin can ake kai majinyatanmu idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin gida. To, wannan asibitin koyarwa da ke wajen Gawon Nama reshe ne kawai. Uwar tana can bayan gari, kuma a kanta nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu ɗan bayani, tun da yake mu da muka kusa gama sakandare duk idonmu yana can.

Gwamnatin Tarayya ce ta kafa ta a shekarar 1975, lokaci ɗaya da na Maiduguri da Jos da Kalaba. Ta fara karatu a 1977 a matsugunin wucin gadi cikin gari, Farfesa Shehu Galadanci yana shugabanta na farko. Da can Jami'ar Sakkwato ake ce mata, sai a 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Abokan wasanmu sukan tsokane mu, wai Bagobiri zai je neman ilmi a makarantar wanda rundunarsa ta ci Alkalawa a 1808. Ni kuwa nakan ce musu ai Shehu a ƙasar Gobir ya tashi, a Ɗegel ya karantar, saboda haka mun riga su zama almajiransa.

Matsuguninta na dindindin yana wajen Dundaye. Mai zuwa yakan hau mota a Dandima, ya ratsa fadamar Gulbin Rima, ya wuce Kwalkwalawa inda ake sayar da kifi da rake a bakin hanya, sa'an nan ya iso ƙofa. Abin da ya ba ni mamaki, da na yi hutu wurin yayana da ke karatu can, shi ne jami'ar ba ita kaɗai take zaune a filinta ba. Ta tarad da ƙauyuka irin su Gidan Yaro da Gidan Yunfa, kuma suna nan har yau. Sai ka ga ɗalibi ya rungumi littattafai zai shiga lacca, ga manomi ya koro jakinsa zai tafi gona, kowa da hanyarsa.

Zaman nasu na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ne. Ɗakunan kwanan jami'a ba su isar ɗalibai, don haka da yawa sukan kama haya a gidajen maƙwabta ko cikin gari. Mai gida ya sami kuɗin haya, ɗan kabu-kabu ya sami fasinja, mai shayi da mai fura da mai wanki da mai gyaran takalma kowa ya sami nasa rabo. Ɗalibi kuma ya sami abinci da araha, ya sami dattijon da zai tsawata masa in ya karkace. Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Yaron da ke ɗebo wa ɗalibai ruwa sa'ana ne, daga ƙofar gidansu yana hangen ajujuwa, alhali ko firamare bai gama ba. A ganina bai kamata maƙwabcin rijiya ya kwana da ƙishirwa ba.

Sau biyu aka ga yadda ɗaya ba ya iya rayuwa sai da ɗaya. Na farko a watan Satumba na 2010. Ku tuna fa ruwan da ke wucewa ta Sabon Birni shi ne ke taruwa a madatsar Goronyo, daga nan ya gangara Sakkwato. A shekarar nan damina ta yi ƙarfi, gulbi ya tumbatsa, ya cinye gonaki, ya karya gadar da ta haɗa jami'a da gari. Malami da ɗalibi da mai tallar nono duk suka koma shiga kwalekwale, masuntan da ba a kula da su suka zama su ne direbobi. Dole aka tsai da karatu, sai da sojoji suka kafa gadar wucin gadi.

Na biyu shi ne yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mu a gida abin da muka gani shi ne yayyenmu sun dawo sun zauna, wasu sun koma gona. A can kuwa tukunyar mai tuwo ta daina hawa murhu, ɗakunan haya suka zama na gizo-gizo.

Don haka, iyaye, in Allah ya sa ɗanku ya sami shiga, kada lissafi ya tsaya a kuɗin rajista. A sa kuɗin haya da na mota a ciki, a kuma je a ga gidan da zai zauna, a gaisa da mai gidan, a damƙa masa amanar yaron hannu da hannu, yadda ake yi in za a kai almajiri wurin malaminsa.