Majami'ar Da Guguwa Ta Share Wa Fili

A ƙaramin garin Rindge na Jihar New Hampshire, can arewa maso gabashin Amurka, akwai wani wurin ibada wanda ba shi da bango, ba shi da rufi. Sunansa Cathedral of the Pines, watau babbar majami'a ta tsakiyar dogayen itatuwan daji. Bencina ne kawai aka jera a sarari bisa tudu, masu ibada suna fuskantar Dutsen Monadnock mai tsayin ƙafa 3,165.

Al'adar mutanen wannan yanki ce idan sanyi ya wuce, su kwashi iyali su tafi daji su kafa tanti, su yi kwanaki suna hutawa. Irin waɗannan baƙi da sauran matafiya suna cikin masu halartar wurin daga watan Mayu zuwa Oktoba. Da hunturu ya kama, ƙanƙara ta rufe ƙasa, sai ibadar fili ta tsaya har wata shekara. Yin sujada a daji ba baƙon abu ba ne a Amurka, domin tun a 1801 dubban mutane suka yada zango a Cane Ridge ta Jihar Kentucky suna sauraron wa'azi. Amma wannan wuri na Rindge baƙin ciki ne ya haife shi.

A 1937 wani mutum mai suna Douglas Sloane da matarsa Sibyl suka sayi gona a nan. A watan Satumba na 1938 wata babbar guguwa ta auka wa yankin, ta tumɓuke itatuwa ba iyaka. Da ƙura ta lafa, sai ga dutsen nan ya bayyana sarai daga kan tudun, abin da a da duhuwar daji ta ɓoye. Ɗansu Sanderson ya ga wurin ya yi masa kyau, ya zaɓe shi don ya gina gidansa. Allah bai nufa ba. Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya shiga sojan sama, kuma a watan Fabrairu na 1944 aka harbo jirginsa a sararin samaniyar Jamus.

A 1945 iyayen suka yi taron addu'a a daidai inda ɗansu ya so kafa gida. Maimakon su killace filin ya zama na danginsu kaɗai, sai suka buɗe shi ga kowa, ba tare da tambayar ɗarika ko addini ba. Aka gina bagadi da duwatsun da aka aiko daga kowace jiha ta ƙasar, shugabannin Amurka tun daga Harry Truman su ma suka ba da nasu. A 1957 Majalisar Dokokin Amurka ta amince da bagadin a matsayin abin tunawa da dukan 'yan ƙasar da suka mutu a yaƙi. A 1967 kuma aka keɓe wata hasumiyar ƙararrawa don tunawa da matan da suka sadaukar da ransu, da zane-zanen tagulla waɗanda mashahurin mai zane Norman Rockwell ya tsara.

To, amma majami'ar da itatuwa ne ginshiƙanta ba ta da kariya daga fushin yanayi. A watan Disamba na 2008 ruwan ƙanƙara ya daskare a kan rassa, nauyinsa ya karya itatuwa masu yawa, har kamannin wurin suka sāke. Masu kula da shi suka kwashe gungume, suka gyara, jama'a suka ci gaba da zuwa sujada da ɗaurin aure da jana'iza. Ginin dutse ana iya tayar da shi cikin 'yan watanni, amma itace sai ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya ba da inuwa. Don haka waɗanda suke renon ƙananan itatuwan yau, jikokin baƙin ne suke yi wa aiki.