Matamaye: Cire harsashi ba ya kashe bindigar gado

Duk wanda ya saba shiga gidajen dattawa a Matamaye da ƙauyukan ƙasar Kance, ba zai rasa ganin tsohuwar bindiga rataye a zaure ko jingine a bayan randa ba. Wata ta kakan gidan ce da ya yi farauta da ita, wata kuma ta wanda ya taɓa bin sarki a hawan sallah. Tsatsa ta ci bakinta, gara ta ɗanɗani ƙotarta, yaran gidan ma sun daina kallonta. Sai ranar da samarin unguwa suka shirya wasan kwaikwayo, ko za su ɗauki ɗan gajeren fim da wayar salula, sannan ake tunawa da ita. Za su zo su durƙusa su ce, "Inna, a ara mana bindigar Baba, gobe da la'asar mu dawo da ita. Ai ba komai a cikinta."

Wannan magana ta "ba komai a cikinta" ita ce ta sa muka ga ya dace mu yi wannan rubutu, musamman domin 'yan kasuwa maza da mata. Domin kuwa idan aka duba, su ne lamarin ya fi faɗowa a kansu: dillalin tsofaffin kaya da ake kawo wa bindigar ya sayar, da ɗan gwangwan da ake jefa masa ita cikin buhun ƙarafa, da mai shagon da ake ce wa ya ajiye zuwa gobe, da kuma uwar da ke ɗaukar saƙon mutane a hanyar Matamaye zuwa Ɗan Barto da Daura ba tare da ta kwance ta ga abin da ke ciki ba.

Bindiga dai ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Masana tarihi sun rubuta cewa a zamanin Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, rundunarsa tana da bindigogi dubbai, har maƙeran birnin suna ƙera igwa da hannunsu. Daga wannan gado ne muka samu 'yan bindigar sarki, waɗanda ke cika gari da ƙara da hayaƙin albarushi ranar hawan sallah, mata na rangaɗa guɗa, yara na toshe kunne suna dariya. A da idan aka ce "'yan bindiga sun iso", murna ake yi. Yau kuwa idan aka faɗi haka a kasuwa, kowa takalminsa zai ɗauka a hannu. Wannan sauyi kaɗai ya isa ya nuna mana cewa idon da hukuma ke kallon bindiga da shi a yanzu ba irin na jiya ba ne.

Haka shi ma wasan kwaikwayo tsohon abu ne a ƙasar Damagaram. Manya ba su manta da wasannin samariya na zamanin Janar Seyni Kountché ba, daga 1974 zuwa 1987, ko irin dariyar da Yazi Dogo da 'yan ƙungiyarsa suka sha ba jama'a. A dandalin wasa, sanda ko ƙirar itace ta wadatar, domin mai kallo yana nesa. Amma tun daga 1990 da aka fitar da "Turmin Danya" a Kano, fim ɗin bidiyo ya kawo kyamara kusa da fuskar ɗan wasa da abin da ke hannunsa. Yanzu kuma da kowane saurayi ke da kyamara a aljihu, sai kowa ya ce shi bindigar da za ta yi kama da ta gaske yake so, har ya gwammace ta gasken.

To, a ƙasashen da sana'ar fim ta yi nisa, bindigogin wasa iri uku ne. Akwai ta roba ko ta itace, wadda tun asali ba bindiga ba ce. Akwai mai ƙara, wadda ake sa wa harsashi marar kai, albarushi kawai, domin a samu ƙara da walƙiya. Ita wannan makami ce, kuma ƙwararre mai izini ne ke riƙonta a wurin ɗaukar fim. Ta uku ita ce bindigar gaske da aka kashe, wato aka lalata cikinta yadda ba za ta sake harbi ba har abada, aka bar siffarta kawai. Ita kuwa wadda aka zare wa harsashi aka miƙa wa ɗan wasa, ba ta cikin ko ɗaya daga cikin ukun nan. Bindiga ce cikakkiya, a wurin doka da kuma a wurin tsautsayi.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan bindigogi ta 2001 ta yi bayanin abin da ake nufi da kashe bindiga, kuma sharuɗɗan uku ne. Na farko, duk muhimman sassanta a lalata su yadda ba za a iya cire su, ko a canza su, ko a gyara su ba. Na biyu, hukumar da doka ta ba wa wannan aiki ta duba ta tabbatar. Na uku, a ba da takardar shaida ko a buga wa bindigar alama a jikinta inda kowa zai gani. A aikace, akan toshe bututun da ƙarfe a yi masa walda, a tsaga shi, a cire allurar da ke dukan gindin harsashi a liƙe raminta, sannan a lalata mazaunin harsashin. A Faransa, hukuma guda ce a garin Saint-Étienne ke yin wannan aiki, kuma tun 2018 ko bindigar da aka kashe sai mai ita ya sanar da hukuma cewa tana hannunsa.

Turawa ba haka kawai suka tsananta ba, domin ruwa ba ya tsami banza. A watan Janairun 2015, mutumin da ya kai hari wani kantin Yahudawa a birnin Faris ya kashe mutum huɗu, an gano cewa wasu daga cikin bindigoginsa an sayar da su ne a ƙasar Silobakiya a matsayin masu ƙara kawai, irin na 'yan fim, daga baya 'yan fasa-ƙwauri suka farfaɗo da su. A watan Disamban wannan shekara Tarayyar Turai ta fitar da ƙa'ida ɗaya ga dukkan ƙasashenta kan yadda za a kashe bindiga. Darasin a fili yake: bindigar da aka yi wa rabin kisa suma ta yi, kuma akwai masu neman irinta su yayyafa mata ruwa.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren da ya fi yawa a wajenmu. Mutum zai ce ai ya kai wa maƙeri ya cire kunamar, ko mai walda ya toshe bakin, saboda haka ta zama ƙarfe kawai. Mai walda dai ba hukuma ba ne, ba shi da hatimi, ba shi da takardar da zai ba ka ka nuna a shinge. Jandarma ko ɗan duwan da ya zazzage buhu ya ga bindiga da ƙarfe biyun dare, ba zai tsaya leƙen bututu ba. Abin da zai tambaya shi ne takardar izini. Kuma kai ta wurin mai waldar ma kasada ce. Bindigar adaka ta baka ake ɗura mata albarushi da ƙarafa, ba a ganin abin da ke cikinta daga waje, kuma albarushin da bai jiƙe ba yakan yi shekaru masu yawa da ƙarfinsa. Tsohon da ya ɗura ta ya rasu bai gaya wa kowa ba. Ranar da wutar walda ta taɓa ta, ita ce ranar da za ta yi harbin da ta daɗe tana jira.

Ko inda ake da ƙwararru da kuɗi, sakaci ya sha cin rai. Masu kallon finafinan faɗa sun san Bruce Lee. Ɗansa Brandon Lee yana da shekara 28 ya rasu a ranar 31 ga Maris, 1993, a wurin ɗaukar fim a Amurka. Kan wani harsashi ne ya maƙale a bututun bindigar ba wanda ya duba, da aka sa harsashi marar kai aka harba, sai albarushin ya tunkuɗo shi ya same shi a ciki. Haka kuma a ranar 21 ga Oktoba, 2021, a jihar New Mexico, bindigar da ke hannun ɗan wasa Alec Baldwin ta tashi ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, bayan an miƙa masa ita an ce babu harsashi mai rai a ciki. A 2024 kotu ta ɗaure matar da ke kula da makaman fim ɗin wata 18. Su ma abin da suka ce ke nan: ba komai a cikinta.

Ta fuskar doka kuwa, a Nijar mallakar bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1963 aka kafa dokar da ta tsara riƙewa da shigowa da sayar da makamai. A 1994 gwamnati ta kafa hukumar tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wadda aka fi sani da CNCCAI. Bayan sulhun da aka yi da 'yan tawayen arewa a ranar 24 ga Afrilu, 1995, an tara bindigogi fiye da 1,200 a Agadas ranar 25 ga Satumba, 2000, aka cinna musu wuta a gaban jama'a. A lura, ba toshe su aka yi aka mayar wa masu su domin ado ba. Ƙone su aka yi. Ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025 ba ta shafe dokokin cikin gida kan makamai ba, hasali ma halin tsaron da ake ciki ya sa bincike a kan hanya ya ƙaru.

Idan aka tsallaka Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku. Manyan makamai na yaƙi sai da izinin Shugaban Ƙasa, bindigogin ɗaiɗaikun mutane sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, su kuwa irin na ɗuri ta baka, lamarinsu yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Wata doka ta 1984 ta tanadi tara, ko ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba, ko duka biyun, ga wanda aka samu da bindiga ba izini. Kuma takardar da aka bayar a ƙasa ɗaya ba ta aiki a ɗaya ƙasar. Ke nan matar da ta ɗauko rake ko tattasai daga Matamaye za ta kasuwar Mai'adua, aka ɗora mata wani dogon ƙunshi cikin tabarma aka ce "kayan 'yan fim ne, wani zai karɓa a tasha", ta sani cewa idan aka kwance, ita za a riƙe. Wanda ya ba ta saƙon ya kashe wayarsa, jarinta ya tafi wajen bin shari'a, 'ya'yanta kuma suna gida suna jiranta.

Saboda haka shawararmu ga 'yan uwa 'yan kasuwa ba ta da yawa. Kada a karɓi saƙo ko ajiya sai an kwance an gani, ko da mai bayarwar ɗan ɗakinku ne. Jin kunyar minti ɗaya ya fi zaman kaso sauƙi. Kada a sayi tsohuwar bindiga ko sassanta a cikin kayan gwangwan komai arharta. Wanda ya gaji bindiga a gida, kada ya ba da aronta, kada ya gwada kunamarta, kada kuma ya saɓa ta a kafaɗa ya nufi ofishin jandarma. Ya bar ta inda take, nesa da yara da wuta, ya je da ƙafarsa ya shaida wa mai unguwa ko mai gari, su tafi tare su sanar da jandarma ko 'yan sanda. Su ne za su faɗi ko za a yi mata takarda, ko za a karɓe ta. Duk abin da aka yanke, a nemi shaida a rubuce a adana.

Su kuma 'ya'yanmu masu sha'awar fim, ba hana su muke yi ba, sana'a ce da ke ciyar da gidaje da yawa daga Kano har Maraɗi da Damagaram. Amma kafinta ko masassaƙin da ke yin turmi da ƙotar gatari zai iya fitar musu da siffar bindiga da itace, a shafa baƙin fenti, ƙara da hayaƙi kuma a sa su a kwamfuta wajen haɗa fim, kamar yadda manyan kamfanoni da dama suka koma yi bayan abin da ya faru a 2021. Ko da ta itacen ce, a sanar da hukuma wuri da lokacin da za a yi wasan, a gaya wa mutanen unguwa, a ɗauke ta a cikin buhu, kada a yi yawo da ita a fili. A wannan zamani, wanda ya hango samari da rawani da bindiga a bakin lambu ba zai tsaya tambayar ko fim ake yi ba, kuma ihun "ɓarayi" idan ya tashi ba ya jiran bayani.

Haka nan iyayenmu mata masu sayar da kayan wasan yara lokacin sallah, a guji saro bindigogin roba baƙaƙe masu kama da na gaske, da masu harba 'yan ƙwallaye da kan ji wa yara ciwo a ido. A zaɓi masu launin ja da kore da kowa zai gane daga nesa. A Amurka ma doka ce tun 1988 a sa wa bindigar wasa alama mai launin lemo a baki.

Mun san rabuwa da abin gado akwai wuya, domin wata bindigar ita kaɗai ta rage a cikin kayan kaka. Amma gara a je a tambayi hukuma da rana tsaka, da a ce hukuma ce ta zo tambaya da tsakar dare. Gobe idan yaran unguwa suka dawo suka ce a ara musu, sai a ce su je wurin kafinta. Allah Ya tsare mu da tsautsayi, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.