Aji Huɗu Zuwa Shida: Abin da Makaranta Ke Bukata Daga Gida

A makarantun firamare na Gana akwai wani tudu da yara da yawa kan yi tuntuɓe a kansa, wato shiga aji huɗu. Daga ajin reno zuwa aji uku, tsarin gwamnati ya tanadi a koyar da yaro da harshen yankinsa, kamar Gwanja a Salaga ko Dagbanci a Yendi. Da ya shiga aji huɗu sai Turanci ya zama harshen koyar da kusan kowane darasi. Ɗan zango kuwa nauyinsa ya fi na kowa, domin Hausar da yake yi a gida ba ta cikin harsunan da gwamnati ta ware don koyarwa. Ga kuma Larabci a makarantar allo.

Manhajar da aka fara aiki da ita a 2019 ta ɗora wa yaro a wannan mataki Turanci, lissafi, kimiyya, tarihin Gana, ilmin addini da tarbiyya, ilmin kwamfuta da Faransanci. Ana son ya karanta labari shi kaɗai ya faɗi abin da ya fahimta, ya rubuta wasiƙa ko gajeren insha'i, ya haddace jadawalin sau, ya iya rabawa, ya gane rabi da sulusi da rubu'i da kashi cikin ɗari. A Disamba 2021 aka fara yi wa 'yan aji huɗu jarrabawar bai-ɗaya ta ƙasa a Turanci da lissafi. Yaron da ya fita aji shida bai iya karatu ba, da wannan raunin zai shiga ƙaramar sakandare har ya fuskanci jarrabawar BECE.

Ya ku iyaye, kada wanda bai yi boko ba ya ce ba shi da abin bayarwa. Da farko, a ware lokaci ɗaya kullum, ko da rabin awa ne bayan sallar magariba, a kashe talabijin, a ajiye waya, a tanadi haske. A sa yaro ya karanta da ƙarfi, sannan ya ba da labarin da Hausa. In ya iya, to ya fahimta. In ya yi shiru, haddar baki kawai yake yi.

Na biyu, kasuwa ma aji ce. Uwar da ke sayar da albasa a Bawku ko doya a Salaga ta bar ɗiyarta ta lissafa canji da riba, amma ba a lokacin makaranta ba. Tallan safe da fashin ranar kasuwa suna cin karatun 'ya'ya mata ƙwarai. Faransanci kuma kada a raina shi, musamman ga mutanen Bawku masu maƙwabtaka da Togo da Burkina Faso.

Na uku, a riƙa duba littattafan aiki duk mako. Jan biron malami ko wanda bai iya karatu ba yana ganinsa. A je wurin malamin tun tsakiyar zangon karatu, kada a jira takardar sakamako. A Bawku, inda rikici da dokar hana fita suka sha katse karatu, wannan bita ta gida ita ke hana yaro mantuwa.

Allo da boko ba kishiyoyi ba ne. Tun 1987 hukumar ilmi ta ƙasa take da sashen ilmin Musulunci mai kula da makarantun da suka haɗa biyun. Abin lura shi ne a raba lokaci da adalci, yaro ya samu barci da abinci, kada a kai shi aji yana gyangyaɗi.

Salaga gari ne da Alhaji Umaru, malamin da aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, ya zauna yana karantarwa da rubutu. Gadon alƙalami ne a hannunmu, kuma yaro ɗan shekara 10 ne zai ɗauke shi. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani, amin.