Tsohon gida ko sabon fili? Abin da mai saye zai auna a ƙasar Zabori

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, kuɗi sun ɗan shigo hannu, lokacin ne magidanta da yawa a ƙasar Zabori suke fara tunanin mallakar gida. Daga cikinsu akwai malamin makaranta wanda aikinsa ya kusa ƙarewa a Dosso ko Yamai, akwai kuma ɗan kasuwa da ya shekara goma yana kai da kawowa tsakanin Gaya da Kamba, yana son ya dawo kusa da dangi. Dillali yakan nuna wa irin wannan mutum abu biyu: ko tsohon gida a tsakiyar gari, mai zaure da rijiya da inuwar itace, ko kuwa fili a bayan gari wanda babu ko tubali ɗaya a kansa. Sau da yawa tsohon gidan ya fi jan rai, domin ana iya tarewa cikinsa nan da nan. Amma wanda ya tara dukiyarsa da gumi bai kamata ya biya ba sai ya binciki abu uku: gindin bango, da rufi, da kuma masu haƙƙi a kan gidan.

Gindin bango

Zabori tana cikin Dallol Mawri, a gundumar Junju wadda aka cire daga ta Gaya a shekarar 2011. Wannan yanki na kudancin jihar Dosso yana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar. A Gaya ana samun kimanin milimita 800 a shekara. Ban da wannan, cikin kwarin dallol ruwan ƙarƙashin ƙasa ba shi da nisa. Albarka ce ga mai lambu da mai rake, amma ga ginin ƙasa abin lura ne. Danshi yakan hau bango daga tushe, a wasu wurare har da gishiri ko kanwa, ya riƙa cin tubali a hankali har gindin ya rarake alhali saman yana nan lafiya lau.

Saboda haka mai saye ya durƙusa ya dubi bango daga ƙasa zuwa gwiwa. Idan ya ga farin gari kamar toka, ko ƙasar tana marmashewa da ya sa yatsa, to, ciwo ya kama. Ya yi hattara da bangon da aka yi wa sabon shafen siminti gab da sayarwa. Siminti ba ya kama ƙasa da kyau, kuma yakan tsare danshi a ciki; idan aka ƙwanƙwasa aka ji amo kamar na ganga, shafen ya rabu da bango. Tsagewa ƙarama a yaɓe ba ta da tsanani, amma wadda ta tashi daga tushe ta yi sama a karkace, ko ta raba kusurwar ɗaki biyu, tana nuna tushen ya motsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa ma haka.

Wanda zai iya haƙuri, ya jinkirta ciniki har watan Agusta, ya je ya ga gidan washegarin babban ruwa. A ranar zai san inda ruwa yake kwanciya, da inda indararon maƙwabci yake zuba, da ko titi ya fi tsakar gida tudu. Ambaliyar 2020 da ta 2024 sun rushe dubban gidajen ƙasa a Nijar. A watan Satumba na 2024 har tsohon masallacin Damagaram, wanda aka gina tun ƙarni na 19, ya faɗi bayan ruwa mai yawa. Ya kuma auna tazarar da ke tsakanin salga da rijiya. Ma'aikatan kiwon lafiya suna ba da shawarar kada ta gaza mita 30, musamman inda ruwa yake kusa.

Rufi da azara

A nan ne tsohon gida yake iya fin sabo. Ƙasar Gaya da Dallol Mawri sun shahara da giginya, kuma daga cikinta ake fasa azara. Azarar da aka samu daga giginyar da ta ƙosa tana da nauyi da tauri, gara ba ta cin ta da sauƙi, tana iya riƙe rufi shekaru masu yawa. Amma giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, kuma ba a sarar ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji, don haka azara mai kyau ta yi tsada. Gidan da yake da irinta yana da daraja da ba a gani daga waje.

Sai dai a bincika. Azara takan fara ruɓewa daga bakinta da ya shiga cikin bango, inda ido ba ya kaiwa. A kira magini tsoho, ya hau ya soka wuƙa a wurin, ya dubi ko rufin ya yi ciki a tsakiya, ko akwai hanyar gara a jikin bango. Rufin soro ya fi na kwano sanyi a watan Afrilu, amma yana son gyara kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Ma'aikacin da zai bar gidan a rufe yana bakin aiki a wani gari, ya san cewa ginin ƙasa da ba kowa cikinsa ya fi saurin mutuwa.

Bayan wannan sai lissafi. Kuɗin gida shi ne abin da aka biya mai shi, da la'adar dillali, da abin da gyara zai ci. Siminti daga wurare irin su Malbaza ko daga ƙetare yake zuwa, kuma ko da yake gwamnati ta rage farashinsa a watan Oktoba na 2024, kuɗin ɗauko shi zuwa ƙauye yana wuyan mai saye. Idan jimillar ta kusa kai abin da za a kashe a gina sabo, to, araha ba ta yi ado ba.

Masu haƙƙi

Bangon da ya lalace magini yana gyara shi, amma rigimar gado ba ta gyaruwa da yaɓe. Tsohon gida a ƙasar Hausa da wuya ya zama na mutum ɗaya. Mai shi na asali ya rasu, ya bar ƴaƴa maza da mata da matan aure, wasunsu suna Birnin Kabi ko Kotonu. Wanda yake zaune cikin gidan yana iya sayarwa da zuciya ɗaya, bayan shekara biyu ƙanwarsa ta zo ta ce ba a tambaye ta ba. A mazhabar Malikiyya, wanda yake da tarayya cikin gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi rabon da aka sayar. Mai saye sai ya tashi ba gida, gyaran da ya yi kuwa ya zama abin jayayya.

Hanyar tsira a bayyane take. A tambayi mai gari da limami da maƙwabta ko an raba gadon, da kuma sunayen magada duka. Kowannensu ya yarda a gaban shaidu, na nesa ya aiko wakili. A zaga iyakar gidan tare da maƙwabta, a tabbatar ba jingina ba ne, ba kuma aro ba. Tun dokar tsarin karkara ta ran 2 ga watan Maris 1993, an tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda aka kafa daga gunduma har zuwa ƙauyuka. A nemi takardar shaidar ciniki da hannun mai gari, a kai ta ma'aikatar ƙaramar hukuma domin a san matsayinta. Wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya karanta takardar da kansa, ko ya sa a fassara masa ita layi bayan layi, kafin ya dangwala yatsa.

Tsohon gidan da yake kan tudu, gindinsa busasshe, azararsa lafiyayya, magadansa kuma sun haɗa baki, ya cancanci a saye shi, domin mai shi ya sami rijiya da inuwa da maƙwabta waɗanda sabon fili ba zai ba shi ba sai bayan shekaru. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya gaza, musamman na ƙarshe, gara mutum ya riƙe kuɗinsa har wata kaka.